Yadda Na Koya Wa Kwamfuta Yi Mini Tuni

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ni mutum ne mai yawan mantuwa. Sau biyu ina shan horo a zangon da ya wuce saboda aikin gida. Da malam ya fara koya mana Python, harshen kwamfuta da Guido van Rossum ya fitar a 1991, sai na ƙudura rubuta 'yar manhajar da za ta riƙa yi mini tuni.

Aikinta uku ne. Da farko ta tambaye ni aikin da ranar miƙa shi. Na biyu ta jera su. Na uku ta gwada kowace rana da ta yau, in saura kwana ɗaya ta gargaɗe ni.

Kashegari da na kunna, sai na tarar wayam! Ashe abin da ba a adana cikin fayil ba, da an rufe manhaja ya ɓace. Na ƙara umarnin adanawa, ta gyaru.

Na gane kwamfuta ba ta da wayon kanta, abin da ka umarce ta shi take yi. Ku ma ku gwada, da koyo akan iya.