Tsingaro Ma Yana Ba da Labari

Kafin malamin Tarihi ya kai mu Gidan Makama a Kano, ni dai a ganina tarihin ƙasarmu ya fara ne daga Ɗantunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure wajen 1819. Abin da ya gabaci haka na ɗauke shi tatsuniya.

Gidan ba wani babba ba ne. An ce an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Abokaina suka yi cincirindo wajen tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da kayan yaƙi. Ni kuwa tukwane suka tsai da ni, don kuwa irin tsingaronsu nake shuri da ƙafa a gonar babana a ƙasar Roni.

Malam ya bayyana mana cewa a Dutsen Dala masu haƙa sun sami wurin narka tama, aka auna gawayinsa, aka gane tun ƙarni na 7 ake ƙira a can, wato wajen shekara 300 kafin Bagauda. Yaya gawayi zai faɗi shekarunsa? Kowace bishiya tana shaƙar wani irin sinadari daga iska. Idan ta mutu sai ya yi ta raguwa, rabinsa yana ƙarewa a shekara 5,730. Abin da ya rage shi ake aunawa. Shi ya sa in an tsinci tukunya aka raba ta da ƙasar da gawayin da ke tare da ita, an toshe mata baki ke nan.

Da irin wannan awo mutanen Japan suka gane wasu tukwanensu sun kai shekara 16,000. Suna kiran zamanin Jomon, ma'ana zanen igiya, saboda igiyar da ake dannawa a jikin ɗanyen yumɓu. Na yi mamaki ƙwarai, domin haka na ga maginan tukwane na wajenmu suna yi! A can har ƙananan garuruwa suna da ɗakin ajiye irin waɗannan kaya. Mu kuwa sai mun yi tafiya zuwa Kano ko Jos.

A hutun da ya wuce na tarar an haƙa ramin ƙasar gini a kufan da ke gefen gonarmu, tsingaro da kashin maƙera duk a warwatse. Na roƙi Baba a dakata da haƙan har Malam ya zo ya gani. Ya yi dariya, amma ya ce to, sai bayan damina.