Daga Hadarin Gabas Zuwa Mahaukaciyar Guguwar Teku

A wannan ɗan rubutu zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda iska ke tafiya a cikin hadari. Mu a Gombe mun san daga gabas hadari yake tasowa. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi da laima takan tashi sama ta haɗa gajimare. Ruwan da ke zubowa kuma ya janyo iska mai sanyi ƙasa, ta bazu a gaban hadarin. Ita ce ke tayar da ƙura, tana yaye rufin kwano da karya bishiyoyi a farkon damina.

Irin wannan hadari kan nausa yamma har Tekun Atlantika. Idan ɗumin ruwan tekun ya wuce digiri 26, iskar ƙasa takan kwararo tsakiya tana juyawa akasin hannun agogo, ta haura ta gefen idon guguwar, sannan ta watsu daga sama. Cikin idon kuwa iska a kwance take. Da gudunta ya kai kilomita 119 a awa, ta zama mahaukaciyar guguwa. Andrew, wadda ta yi ɓarna a Fulorida ta Amurka a 1992, daga Afirka ta Yamma ta samo asali.