Darasi: Mai Gida, Ɗan Haya Da Maƙwabci

Da yawa daga cikinmu a gidan haya suke zaune, waɗansu kuma Allah ya hore musu gidajen da suke bayarwa haya. Darasinmu na wannan wata ya shafi ɓangarorin biyu, da kuma maƙwabcin da bango ɗaya ya raba mu da shi. Za mu fara da wani abin baƙin ciki da ya faru a ƙasar Amurka, sa'an nan mu duba abin da Maganar Allah take koya mana a kansa.

Abin da ya faru a Bronx

Ranar Lahadi, 9 ga Janairu, 2022, da hantsi, gobara ta tashi a wani bene mai hawa 19 a unguwar Bronx ta birnin New York. Ginin yana ɗauke da gidajen haya 120, kuma da yawa daga mazaunansa mutanen Afirka ta Yamma ne, musamman 'yan ƙasar Gambiya. Mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara. Iyali ɗaya ya rasa mutum biyar: uba da uwa da 'ya'yansu uku. Paparoma Francis ya aika da saƙon ta'aziyya ga Kadinal Timothy Dolan, wanda yake Akbishop na New York a lokacin.

Wutar ta fara ne daga hita, wato na'urar lantarki ta ɗumama ɗaki, wadda aka bari a kunne a wani ɗakin kwana. A wannan birni sanyin Janairu yakan kai ruwa ya daskare, saboda haka doka ta ɗora wa mai gida nauyin ɗumama gidan da ya bayar haya daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. Da rana, idan an yi sanyi a waje, dole ɗumin cikin gida ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, da dare kuma kusan digiri 17. Kafin gobarar, waɗansu mazauna ginin sun riga sun kai kukan rashin ɗumi ga hukumar birni. Masu ginin sun ce sun yi gyara, amma 'yan haya da dama sun ce sanyi ne yake tilasta musu kunna hita.

Abin lura shi ne, wutar ba ta yi nisa da inda ta tashi ba, a hawa na biyu da na uku. Hayaƙi ne ya yi kisan. Dokar birnin ta ce a ginin da yake da gidaje uku ko fiye, dole ƙofofi su zama irin waɗanda suke rufe kansu. Ƙofar gidan da wutar ta tashi ba ta rufu ba bayan mutanen ciki sun gudu, wata ƙofar matakala a can sama ita ma tana buɗe. Sai hayaƙi ya bi matakala ya cika benen. Waɗansu mazauna sun ce ƙararrawar gargaɗin gobara ta saba kaɗawa ba gaira ba dalili, shi ya sa ba su tashi da wuri ba da suka ji ta a ranar.

Ga abubuwa uku ƙanana: ɗaki mai sanyi, ƙofar da ta lalace, da ƙararrawar da aka daina kulawa da ita. Kowannensu akwai wanda ya gan shi tun kafin ranar, ya ce ba kome.

Nauyin mai gida

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Wato lafiyar wanda yake cikin gida nauyi ne a wuyan mai gidan. A Fitowa 22:26-27 kuma an ce wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin rana ta faɗi, domin da shi yake rufa da dare. Bashi halal ne, kuɗin haya ma halal ne, amma ba su kai a bar mutum ya kwana cikin sanyi ba.

Eklesiya ta bi wannan sawu. A wasiƙarsa ta Pacem in Terris a 1963, Paparoma Yohanna na 23 ya lissafta matsuguni cikin haƙƙoƙin kowane ɗan Adam, tare da abinci da sutura da magani. A 1987, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin marasa matsuguni, Hukumar Adalci da Salama ta fadar Paparoma ta fitar da takarda ta musamman a kan matsalar gidaje.

Akwai mai gidan da ba ya zagi, ba ya kora, sai dai kullum amsarsa ɗaya ce: "Za a duba." Wasiƙar Yakubu 2:15-16 ta yi magana a kan mutumin da yake sallamar ɗan'uwansa mai jin sanyi da yunwa da fatan alheri kawai, ba tare da ya ba shi abin da jikinsa yake bukata ba. Mai gidan da ya san ranar karɓar kuɗi amma bai san ranar gyaran rufi ba, ya auna kansa da wannan nassi kafin ya zo karɓar Jibi Mai Tsarki.

Nauyin ɗan haya

Ɗan haya ma yana da nasa. Ya biya kuɗin haya a kan kari, ya riƙe gidan kamar amana. Idan wani abu ya lalace, ya sanar da mai gida a rubuce, ya sa kwanan wata, ya ajiye kwafi, ya kuma adana rasit na kowane kuɗin da ya biya. Idan matsalar ta shafi kowa, 'yan hayan su je tare, domin kukan mutum goma ya fi na mutum ɗaya ƙarfi. Idan an yi haka ba a sami biyan bukata ba, neman haƙƙi a gaban hukuma ba rashin bangaskiya ba ne. Haƙuri abu ne mai kyau, amma yin shiru a kan wayar lantarki da take tartsatsi kusa da inda yara suke kwana sakaci ne.

Mu ma a nan muna da namu sanyin. A lokacin hunturu, musamman a Jos da sauran tuddan Filato, mutane sukan shiga da kaskon gawayi cikin ɗaki su rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iskar guba da ba a ganinta, ba a jin warinta, tana kashe mutum yana barci. Irin wannan iskar ce janareto yake fitarwa idan an kunna shi a cikin ɗaki, ko a lungu kusa da tagar maƙwabci. Kada a kwana da garwashi a ɗakin da yake rufe, kada kuma a bar hita a kunne kusa da katifa ko labule.

Nauyin maƙwabci

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A gidan da iyali biyar suke da banɗaki ɗaya da mita ɗaya, ba za a rasa mai ƙure rediyo da tsakar dare ba, ko mai zuba ruwan wanki a ƙofar wani, ko mai ƙin biyan rabonsa na kuɗin wuta. A Matiyu 18:15-17 Ubangijinmu ya shimfiɗa mana hanya: ka fara samun mutumin kai da shi kaɗai, in bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi, sai a kai ga jama'a. Mu kuwa mukan juya tsarin. Unguwa duka takan ji labari kafin wanda ya yi laifin ya ji. Maƙwabcin da ba Kirista ba shi ma a bi wannan hanya da shi, a nemi dattijon da yake girmamawa ko mai unguwa.

Dalilin da ya sa ba za mu yanke gaisuwa da maƙwabci mai wuyar hali ba ya wuce neman kwanciyar hankali. Waɗanda suka rasu a Bronx ba a ɗakinsu wutar ta tashi ba. Ranar da hayaƙi ya tashi, wanda ka yi wata uku ba ka yi masa magana ba, shi ne zai buga maka ƙofa, ko kuwa kai ne za ka buga masa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma ka fara taimaka masa ya kashe.

Tambayoyi domin tattaunawa

A taron Zumuntar Mata Katolika, da na maza, da na matasa, a karanta nassosin da aka ambata, sa'an nan a amsa waɗannan:

1. A gidan da nake zaune, wane abu ne ya lalace wanda kowa ya gani amma ba wanda ya yi magana a kai?
2. Idan ina da gidan haya, zan yarda 'ya'yana su kwana a ɗakin da na ba wani?
3. Wane maƙwabci ne nake kuka da shi a gaban mutane alhali ban taɓa samunsa ni da shi kaɗai ba?

Kowa ya zaɓi abu ɗaya da zai gyara kafin Lahadi mai zuwa. Ubangiji ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare gidajenmu da na maƙwabtanmu. Amin.