Darasi ga dillalan mota: giya ta biyar a tsohuwar Fijo

To jama'a, 'yan kasuwa da dillalai, tun da anka cire tallafin fetur a 2023 mai tsohuwar Fijo ba shi da magana sai ta shan mai. A nan tsakanin Bodinga da Shagari, da mai sayarwa ya ce motarsa an sa mata giya biyar, sai kuɗinta su hau. Mu duba inda ƙarin ya dace.

Fijo 504 ta fito Faransa a 1968, an fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma galibin waɗanda munka gada giya huɗu gare su. A giya ta huɗu, juyi ɗaya na inji shi ne juyi ɗaya na farfela. Ta biyar kuwa, irin ta giyabos ɗin 505, tana sa farfela ta riga inji juyawa, sai aikin inji ya ragu da kusan kashi 1 cikin 6. Wato injin da ke juyi 3,600 a minti ya koma wajen 3,000, gudun mota bai sake ba. Ƙara ta ragu, mai ya ragu. Dabarar ma tsohuwa ce, Fijo 403 ta 1955 haka giyarta ta huɗu take.

Amma fa wanga sauƙi na mota maras nauyi ne bisa kwalta, kamar mai ɗaukar fasinja daga Sakkwato ya bi Bodinga da Shagari ya wuce Tambuwal da Jega. Akori-kura da anka danƙara wa buhunan gero da albasa, tana kutsa rairayin hanyar ƙauye, ina ita ina giya ta biyar? In direba ya matsa ya sa ta, inji ya kasa ja, shi kuma ya danne totur har ƙasa. Man da ake son ragewa ya ƙone, kuloci ya sha wuya, inji ya ɗau zafi. Mu dai a ganinmu kuɗin juyin asara ne ga irin wagga mota.

Abin da dillali ya kamata ya fara sani shi ne haƙoran aksul na baya. A raba haƙoran babban faranti da na ƙaramin da ke juya shi. Misali 35 da 9 sun ba da kusan 3.9, wannan na gudu ne. 39 da 8 sun ba da kusan 4.9, na jan kaya. Mai 4.9 da ta bar dako ta koma kwalta, ita ce giya ta biyar ke yi wa rana ƙwarai, don injinta kuka yake yi a ta huɗu. Mai 3.9 kuwa, in an ƙara mata manyan tayu sannan ga ta biyar, ƙaramin hawa ma sai an sauko giya.

Ba sai an kwance aksul ba. A tokare ƙafafu da dutse, a ɗaga ƙafar baya guda da jak, a cire fulogogi, a sa giya ta huɗu. A yi alama da alli jikin taya da jikin fulin inji, a riƙa juya fulin da sifana har taya ta zagaya sau biyu. Yawan juyin fulin, shi ne lissafin.

Wajen sayen giyabos na hannu, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ku sani mai biyar ya fi mai huɗu tsawo. A nemi farfelarsa da bututun da take ciki da sandar giyarsa a ciniki guda. Motar da giyarta ke jikin sitiyari sai an huda ƙasa an mai da sandar nan. Farfelar da anka yanke anka yi wa walda ba a daidaita ba, da an ɗau gudu za ku ji kujera na karkarwa. In kunka ji haka wajen gwaji, ku cire kuɗin wata farfela daga tayinku.