Darasin Wannan Wata: Amai Bayan Maganin Ciwon Daji

Idan ciwon daji, wato sankara, ya kama mutum a ƙasar Gwarzo ko Kabo, akan aike shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko kuwa Shika ta Zariya. A can akan sa masa magani mai ƙarfi ta jijiya, sau da yawa bayan kowane mako 3. Waɗansu sukan karɓa sau ɗaya ko biyu, amai ya galabaitar da su, sai su ƙi komawa. Ciwon kuwa ba ya jiran kowa. Bari mu koyi yadda za mu taimake su.

1. Dalilin amai. Maganin yana kashe ƙwayoyin daji, amma yakan taɓa hanji kuma. Hanji ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, ita kuwa ta tayar da zuciya. Wannan ba sammu ba ne, ba kuwa alama ce maganin ya ƙi jikin mutum ba.

2. Lokacinsa. Wani amai yakan zo cikin awa 24 na fari. Wani yakan dakata sai kwana na 2 har zuwa na 5, sa'ad da an riga an komo gida, likita yana nesa. Wani kuma warin asibiti kaɗai ya isa ya tashe shi, domin tunawa da wahalar baya.

3. Rigakafi. Akwai maganin daji mai suna cisplatin. In ba a yi rigakafi ba, mutum fiye da 9 cikin 10 za su yi amai. Amma tun 1990 aka sami ondansetron, wanda akan haɗa da dexamethasone, a bayar tun ba a fara ƙarin ruwan ba. Saboda haka kada a bar asibiti sai an karɓi maganin sha na gida. A sha shi a kan lokacin da likita ya faɗa, kada a jira zuciya ta tashi.

4. Aikin mai jinya. A ba shi koko ko kunu kaɗan-kaɗan, sau da yawa. A guji soye-soye da abinci mai maiƙo, a nisanta shi da ƙanshin girki. Ya riƙa kurɓar ruwa mai tsabta, ko haɗin gishiri da sukari. Kada a ba shi jiƙo ko sassaƙe ba da sanin likita ba.

5. Alamun haɗari. In ruwa ya ƙi zama a cikinsa yini guda, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko zazzaɓi ya kama shi, a kai shi Babban Asibitin Gwarzo ko mafi kusa nan da nan, tare da takardunsa. Ranar komawa kuma a gaya wa likita duk abin da ya faru, gama yana iya sāke magani.

Tambayoyi: A waɗanne kwanaki ne mai jinya zai fi lura? In kuɗin mota ne ya hana ɗan'uwa komawa asibiti, me jama'armu za ta yi?