Busasshen Ganye Ma Shaida Ne



Dukanmu mun san yaɗiya, wadda take yaɗo a kan shinge da gefen gona, iyayenmu mata suna kwaɗonta da ƙuli. To amma idan aka tambaye mu inda take fitowa shekara ɗari da suka wuce, wace shaida za mu kawo?

Masana suna da wurin ajiye irin wannan shaida, wato ma'adanar busassun tsirrai. Akan yanko reshe da ganyensa da furensa, a danne shi har ya bushe, a manna shi a takarda mai kauri. A gefe sai a rubuta sunan tsiron, da wurin da aka same shi, da kwanan wata, da sunan wanda ya tsinko shi. Idan babu wannan rubutu, ganyen ba zai gaya wa kowa komai ba.

Wani likita, J. M. Dalziel, ya yi wannan aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa. Tsirran da ya tara suna ajiye a Kew, a birnin Landan. A 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa. A gida kuma akwai irin wannan ma'adana a Ibadan da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Abin ya shafe mu. Daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, daji yana ƙarewa saboda saran itace da gawayi. Rashin tsaro ya hana shiga wanda ya rage, tsofaffin da suka san sunayen tsirrai kuma suna ta tafiya. Abin da ba a rubuta ba, da su zai tafi.

Don haka mu fara namu:

1. Mu tsinko reshe ɗaya a kusa da gida ko makaranta. Kada kowa ya shiga daji.
2. Mu shimfiɗa shi a tsakanin tsofaffin jaridu, mu ɗora bulo.
3. Mu riƙa sauya jaridar har ya bushe.
4. Mu tambayi kaka sunansa da amfaninsa, mu rubuta.
5. Mu bayyana wurin sosai. "Ƙaura" kawai bai isa ba, a ce "bakin gulbin Gagare, cikin yashi".

Wanda ya gama ya kawo wa ƙungiyarmu ranar Juma'a, za mu liƙa a wannan allo.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, Ƙaramar Sakandare.