Tawakkali Da Neman Magani: Hukuncin Bai Wa Mara Lafiya Ɓargo

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta, Mai saukar da waraka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi mara lafiyan da likitoci suka ce ba shi da sauran magani sai a dasa masa ɓargon wani mutum. A irin wannan hali dangi sukan taru, a yi saukar Alƙur'ani, a yi sadaka, kuma duk wannan alheri ne. Amma da zarar an ce 'yan'uwa su zo a gwada jininsu, sai kowa ya noƙe, a ce an bar wa Allah. To, wannan shi ne tawakkalin da Musulunci ya koyar?

Da farko ya kamata a san ko mene ne ɓargo. Shi ne abin nan mai taushi da ke cikin ƙashi, kuma a cikinsa ne Allah Ya sanya jini yake tsirowa. Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki kafin ta mutu, ɓargo ya maye ta da wata. Idan ɓargo ya lalace, kamar yadda yakan faru ga mai sankarar jini, ko kuwa yana fitar da ƙwayoyi masu lanƙwasa kamar lauje, watau amosanin jini da ake kira sikila, to, gyara sai daga tushe. Likitoci sukan kashe ɓargon da ya lalace da magunguna masu ƙarfi, sa'an nan su ɗura na mai lafiya ta jijiya kamar ƙarin jini. Aikin yana da haɗari da tsada, kuma ba kowane mara lafiya ne ya dace da shi ba, amma ta hanyarsa Allah Ya tashi kafaɗun dubban mutane. A Nijeriya, inda ake haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara, an fara yi wa mai sikila wannan dashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011.

Wahalar tana wajen samun wanda ɓargonsa ya dace. Akwai wasu alamomi a jikin ƙwayoyin halitta waɗanda mutum yake gado, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma in ba su yi daidai ba jiki yakan ƙi baƙon ɓargo, ko baƙon ya yaƙi jiki. Tsakanin shaƙiƙai, ɗaya cikin huɗu ne ake sa ran zai dace sarai. Ko da yake yanzu akan yi dashe daga uwa ko uba, waɗanda rabi ne suka dace, marasa lafiya da yawa sai an nema musu a wajen gida. Saboda haka ne wata mata, Shirley Nolan, ta buɗe rajistar masu ba da ɓargo a London a 1974 domin ɗanta Anthony. Yaron ya rasu a 1979 ba a samo masa ba, amma rajistar ta ceci 'ya'yan wasu. An buɗe irinta a Inugu a 2012. Da yake alamomin gado ne, mutum ya fi dacewa da wanda suka haɗa asali, alhali kuwa baƙar fata ba su da yawa a rajistocin duniya. Watau Bahaushen da ke kwance a asibiti, ko da a Ingila ne, mai yiwuwa maganinsa yana cikin ƙashin wani Bahaushe da bai taɓa gani ba.

Game da hukunci kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a watan Jimada Ahir 1408, daidai da Fabrairu 1988, ta halatta a ɗauki abin da jiki yake mayar da shi da kansa, kamar jini da fata, a sanya wa wani. Ta gindaya cewa mai bayarwa ya kasance baligi mai hankali da ya yarda da kansa, ta kuma hana sayar da sassan jiki. Ɓargo yana cikin wannan babi, domin abin da aka ɗiba yakan komo cikin 'yan makonni.

Akwai shubuhohi uku da ya kamata a kawar. Ta farko, zaton cewa daga laka ake ɗiba, har mutum ya shanye. Ba haka ba ne. Ana ɗiba daga bayan ƙashin ƙugu bayan an sa mutum barci, ko kuwa a yi masa allura kwana huɗu zuwa biyar, sa'an nan a tace ƙwayoyin daga jinin hannunsa. Abin da ya fi biyo baya shi ne ciwon jiki da gajiya na 'yan kwanaki. Ta biyu, tsoron cewa dashen zai haramta aure kamar shayarwa. Malamai sun bayyana cewa haramcin ya keɓanta da nono, ƙarin jini ba ya haramta aure, ɓargo kuwa asalin jini ne. Ta uku, ko ya halatta a bai wa wanda ba Musulmi ba. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, wadda ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane duka, ba ta ware kowa ba. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa, balle ɗan Adam.

Shi kuwa tawakkali, Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya umurce shi ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Masu iya magana sun ce, Allah Ya ce tashi in taimake ka. Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa ceton wanda ruwa zai ci farilla ce ta kifaya, kuma idan mutum ɗaya ne kurum ya iya iyo a bakin kogin, nauyin ya koma kansa. Ɗan'uwan da gwaji ya nuna shi kaɗai ne ya dace, ya dubi kansa da wannan misali.

Shiga rajista ba ya bukatar kome sai 'yar auduga da za a goga cikin kunci, ko ɗan jini kaɗan. Wanda ya shiga kuwa ya sani alkawari ya ɗauka, domin janyewa bayan an kashe ɓargon mara lafiya tana iya zama sanadin ajalinsa. Limamai da masu wa'azi su bayyana wa jama'a wannan, su kuma ci gaba da jan hankali ga gwajin jini kafin aure.

Allah Ya bai wa marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinya da masu bayarwa da alheri. Allah ne Mafi sani.